Rabon bangon bututu

A gidanmu na Nima, in Mma ta juye manja daga galan zuwa kwalba, takan kife galan ɗin har yamma ya tsiyaye. Duk da haka jikinsa ja yake zama. Wannan jan da ke maƙalewa shi na sake tararwa a ɗakin gwaji a nan Accra.

An ba ni ƙwayoyin halitta kusan 500 in shirya su don na'urar mas-sifektirometa, wadda ke gane furotin ta nauyin gutsattsarinsa. Ƙwaya ɗaya furotin ɗinta bai wuce fikogiram ɗari ko ɗari biyu ba (fikogiram kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram). DNA, sinadarin gado, ana iya ninka ta da dabarar da ake kira PCR. Furotin kuwa ba shi da wannan gata, abin da ka samu shi ke nan.

Na bi hanyar da aka saba yi wa babban samfuri: na fasa ƙwayoyin, na wanke, na sauya bututu har sau biyar. Da sakamako ya dawo, kusan duk keratin ne, furotin ɗin gashi da fata, da tiripsin, sinadarin yanka furotin da na zuba da hannuna. Raina ya ɓaci sosai, domin ƙwayoyin daga jinin wani mara lafiya suke, wanda ya ba da shi da yardarsa. Wata babbar yaya a wurin ta ɗaga bututun ta ce, "Ƙanwata, furotin ɗinki yana nan manne a jikin roba." Sai ta taɓa rigar sanyin ulu da na sa saboda hunturu. Ulu ma keratin ne, kamar gashi da fatar da ke zuba cikin ƙura.

Daga nan na koma bututu ɗaya tal, irin wanda furotin ba ya kama jikinsa sosai, da ruwa ɗan kaɗan. Na bar sabulun SDS, wanda cire shi ke janyo asara, na koma DDM, wani sabulun da na'urar ke jurewa. Tiripsin yana kwana a ciki a zafin digiri 37, yana yanka furotin bayan laisin da arjinin, biyu daga cikin tubalan da ke gina furotin. Masu dabarar nanoPOTS a Amurka, tun 2018, cikin ɗigon da bai kai mikrolita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita, suke yin komai. Ba mu da injinsu, amma dalilin ɗaya ne.

Kullum kuma ina haɗa bututun da ba ƙwaya a ciki, in yi masa duk abin da na yi wa sauran, don in ga dattin da ya shigo daga waje. Sakamakonsa nake fara buɗewa.