Daren da na cire Windows 7 daga laftof ɗina

Shekara da shekaru laftof ɗina na ɗauke da Windows biyu. Da 7 na saye ta, daga baya na yanki wani ɓangare na faifan ajiyarta na ɗora 10, saboda wata tsohuwar na'urar sikanin da nake aikin takardu da ita ta fi jituwa da tsohon. Duk safiya sai allo ya tambaye ni wanne zan shiga. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, a farkon 2023 kuma Chrome ya daina sabunta kansa a kai. Da na'urar sikanin ta mutu, ban ga dalilin bar wa Windows 7 gigabait 200 daga cikin 500 ba.

Na kwashe hotuna da takardun da ke ɓangarensa zuwa wani faifai na waje. Wannan kam na yi daidai, kuma shi ya sa hankalina bai gushe ba daga baya.

Sai na buɗe Disk Management, wurin da Windows ke nuna yankunan faifai, daga cikin Windows 10, na danna yankin 7 don in goge. Wurin gogewar ya ƙi dannuwa. A nan ya kamata in tsaya in tambayi dalili, amma na ɗauka taurin kan manhaja ne kawai. Ina da filas mai ɗauke da GParted, wata manhajar yanka da goge yankunan faifai, na tayar da kwamfutar da shi, cikin minti ɗaya yankin ya tafi. Da na sake kunnawa, baƙin allo ne da layi ɗaya yana cewa ba a ga babbar manhaja ba.

Na kira ƙanena da ke gyaran kwamfuta. Tambayarsa ta farko ita ce, "Yaya, me aka rubuta a jikin yankin da ka goge?" Na ce na ga kalmar System. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai ƙofar gidan ka rushe, ɗakinka na nan lafiya."

Ga abin da ya fahimtar da ni. A kwamfuta mai tsohon tsarin tashi da ake kira BIOS irin tawa, idan ka ɗora sabon Windows kusa da tsoho, sabon ba ya gina tasa hanyar tashi. Fayilolin da ke tayar da shi yana zuba su ne a yankin da aka riga aka yi wa alamar Active, wato inda kwamfuta ke fara tashi, wanda a tawa shi ne na Windows 7. Sunayen ma suna rikita mutum: yankin da aka rubuta wa System shi ke riƙe da fayilolin tashi, wanda aka rubuta wa Boot kuma shi ne inda Windows ɗin da kake ciki yake zaune. Duk shekarun nan da nake zaɓar 10, ta zauren 7 nake bi ban sani ba. Ƙin gogewar da Windows ya yi kare ni yake yi.

Gyaran bai kai rabin awa ba. Muka sa filas ɗin ɗora Windows 10, a allon farko muka danna Shift da F10, baƙin akwatin umarni ya fito. Da umarnin diskpart muka nemo yankin 10, kuma a nan ƙanena ya ja kunnena: harafin da yankin yake ɗauka cikin filas ba lallai ya zama C ba, sai ka duba girmansa ka tabbatar. Muka yi masa alamar active, sannan umarnin bcdboot ya kwafa masa nasa fayilolin tashi. Na cire filas na kunna, tambarin Windows ya bayyana. Alhamdu lillahi, ko fayil ɗaya bai ɓata ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗannan umarni biyun ina iya ba da su tun kafin in taɓa komai, daga cikin Windows 10 yana aiki. In mai da tashin kan yankin 10, in kashe in kunna in ga ya tashi da ƙafarsa, in cire sunan 7 daga allon zaɓi ta msconfig, wurin saita tashin Windows, sannan in goge. Da haka Disk Management da kansa zai yarda.

Saura filin da aka samu. Na so in haɗe shi da yankin 10, amma yana gefen hagu, Windows kuwa ba ya faɗaɗa yanki sai filin da babu komai yana damansa. GParted zai iya jan yankin gaba ɗaya, sai dai aiki ne na sa'o'i, batirina ya gaji, wutar unguwarmu kuma ba abin dogaro ba ce. In ta ɗauke ana tsakiyar ja, asarar za ta fi ta daren nan nesa ba kusa ba. Na mai da gigabait 200 ɗin yanki mai zaman kansa, na ba shi harafin D, na dawo da takarduna ciki.