Dalilin da ya sa manya ba sa zuwa duba haƙori sai ciwo ya ci ƙarfinsu

A garin Bauchi da wuya ka ji baligi ya ce zai je asibiti a duba masa haƙora alhali babu abin da ke damunsa. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, amma yawanci ba a tuna da shi sai kunci ya kumbura, bayan an gwada kanumfari, an kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, an kuma sha maganin kashe zafi na kemis har ya daina aiki. A lokacin nan haƙorin da za a iya cikewa tun yana ɗan kogo ya riga ya ruɓe har jijiya, sau da yawa sai dai a cire shi. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki.

Maza da mata duka suna makara, sai dai abin da ke riƙe kowannensu daban ne. Namiji yana da kuɗin mota a aljihu, ba ya kuma neman izinin kowa, amma ɗan kasuwar Wunti ko mai tuƙa keke yana lissafin cewa wunin da zai yi a layin yankar kati wuni ne da babu cefane. Ga kuma raina ciwo, domin a majalisa wanda ya ce ya je wankin haƙori zai iya shan zolaya cewa ya koma ɗan gayu. Alhali maza ne suka fi shan taba, ita kuwa taba tana ɓoye zubar jinin dasashi, ta yadda ciwon zai daɗe yana cin ƙashin da ke riƙe haƙora kafin mutum ya farga.

Lamarin mace ya fi sarƙaƙiya, kuma a ganina shi ne aka fi yi wa rashin adalci. Matar aure takan lura da jini a buroshinta tun da wuri, amma kafin ta isa gaban likita sai ta nemi izinin maigida, ta nemi kuɗi, ta samo wanda zai zauna da yara. Idan ta ce, "Maigida, dasashina yana jini," amsar da ta fi saurin zuwa ita ce a bari a ga yadda hali zai yi, tunda tana cin tuwonta lafiya. Goyon ciki kuwa yana sa dasashi ya kumbura ya riƙa jini saboda sauyin sinadaran jiki, amai mai yawa kuma yana zaizaye bayan haƙora, amma da yawa suna tsoron a taɓa musu baki suna da ciki. Likitoci sun tabbatar cewa dubawa da wankin haƙori ba sa cutar da mai ciki, kuma watanni na 4 zuwa na 6 su ne suka fi sauƙin yin aiki. Tunda mata suna zuwa awo, ban ga abin da zai hana ma'aikaciyar jinya ta leƙa bakin kowacce ta tura mai bukata gaba ba.

Nisa ma yana da nasa rabon. Wanda yake ƙauyen Ningi ko Dass ba zai biya kuɗin mota don haƙorin da bai yi ciwo ba.

Akwai kuma wata natsuwa da asuwaki yake ba mu, wadda take da tushe, domin sunna ne kuma yana cire datti sosai idan an iya amfani da shi. Sai dai dattin da ya riga ya daskare a gindin haƙori, wanda ake gani kamar ɓawon ƙasa-ƙasa a bayan haƙoran ƙasa na gaba, asuwaki da buroshi ba sa iya kankare shi, sai da kayan aikin asibiti. Shi ya sa ake ba da shawarar goge baki sau biyu a rana da makilin mai sinadarin fuloraid, da zuwa dubawa kamar bayan kowane wata 6, musamman ga mai ciwon suga, wanda ciwon dasashi yake saurin kamawa har ya wahalar da daidaita sugan nasa.