Goro da zabo sun koya min ɗinki

Shekarata uku kenan ina koyon surfani a wajen mastana a Aboabo nan Kumasi, wuyan kaftani da babbar riga muka fi yi, kuma in ka tambaye ni abin da ya fi ba ni wuya wallahi ba taka keke ba ne, kallo ne.

Ana saura sati biyu sallah a shekarata ta farko wani Alhaji ya kawo shadda ruwan toka mai tsada, masta ya ce in zaɓi zare da kaina, ni kuma na ɗauko kore shar da ja wur don su suka fi ƙyalli a kwali, na kwana ina aiki ina jin daɗi. Da safe ya ɗaga rigar a bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe bai ce komai ba, sai ya zaro kuɗi ya ce "ɗana je ka Alabar ka sayo min goro fari da ja, amma kafin ka dawo ka ɓare ɗaya ka zauna ka kalle shi." Raina ya ɓaci sosai, na ɗauka kora ce cikin dabara. Amma na yi. Jan goro ashe ba ja ba ne irin na zarena, yana da ɗan duhu kamar an shafa masa shuɗi kaɗan, ganyen da ake lulluɓe shi kore ne amma kore mai sanyi, kuma inda na gatsa ina kallo iska ta taɓa shi ya fara rinewa. Ja da kore ɗin nan dai da na haɗa su ne, sai dai a nan babu wanda yake wa ɗan'uwansa ihu. Da na koma na ce Masta na gani, ya ce to warware.

Kwana biyu ina warware zare, a nan ne ma wani abu ya faɗo min, sunayen kala da muke faɗa kullum a shago ai daga abubuwa aka ɗauko su, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ƙwai, ruwan ɗorawa. Kakanninmu sun zauna sun kalli abubuwan nan har suka sa wa launi suna da su, mu kuma muna faɗa ba ma ɗaga ido.

Zabo shi ne malamina na biyu. Ni da na sani ɗige-ɗige ne kawai fari a kan baƙi, sai ranar da na riƙe ɗaya za a yanka na ga ashe na wajen wuya ƙanana ne sosai, suna ƙara girma in ka gangara baya, a fiffike kuma har suna neman haɗewa su zama layi. Abu ɗaya ake maimaitawa amma ba a bar shi girma ɗaya ba, shi ya sa ido ba ya gajiya. Tun ranar in ina jera zane a gaban riga nakan rage shi kaɗan-kaɗan zuwa sama. Kuma ka duba saƙi da dattawa ke sawa, ko wasu rigunan fugu da 'yan arewacin Ghana ke kawowa, kamar bayan zabo aka shimfiɗa a kan masaƙa.

Tonawa, wato mutanen Ashanti, ma haka suka yi, abin da suke gani suka kwaikwaya. Na taɓa raka wani abokina Ntonso a hanyar Mampong inda ake buga adinkra, zani mai alamomi, hatiminsu da ƙwarya ake sassaƙa shi, baƙin rinin kuma ɓawon itacen badie ake dafawa har ya yi kauri, sai a ja layuka da wani abu kamar matsefi a raba zanin gida-gida kafin a fara bugawa. Cikin alamomin akwai ananse ntontan wato saƙar gizo-gizo, akwai aya wani ganye da ke fitowa ko a kan dutse. A Bonwire ma labarin da suke bayarwa shi ne maharba biyu ne suka ga gizo-gizo yana saƙa a daji suka dawo gida suka kwaikwaya, wai nan ne asalin zanin kente, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2024. Mu Gizonmu na tatsuniya wayo kawai muka sani da shi.

Yanzu abin ya zame min jiki har ba na iya dainawa. Jan da karan dafi ke sa wa waakye, wato shinkafa da wake, kusa da farin ƙwai da baƙin yajin shito a kan koren ganye, tsatsar kwanon gidajen Asawase in hazon hunturu ya sauka ya kashe mata kaifi, jemagun wajen gidan zu kusa da Kejetia in sun tashi da magariba, wuri ya cika wuri ya yi fili. Filin nan ma shi nake fama da shi har yau, hannuna yana son cika ko'ina da zare, masta kullum sai ya ce bar wa shadda wurin numfashi. Ran nan a karatun asuba malam ya kai ayar nan ta 27 a Suratu Faɗir mai maganar duwatsu masu zane fari da ja da baƙi ƙirin, sai da tsigar jikina ta tashi.

Rigar Alhaji da zare ruwan toka mai ɗan duhu na sake ta, sai siririn layi ɗaya ruwan goro a bakin aljihu. Jiya ya aiko ɗansa da shadda shuɗiya, ya ce yaron nan yake so ya yi masa, tun safe nake zaune ina kallon wuyan tantabarun maƙwabcinmu ban ko ɗauko zare ba tukuna.