Saƙon Godiya Bayan Kammala Tantance Ƙwaron Rafukan Kef

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, aikin tantance ƙwaron da aka kamo daga rafukan tsaunukan Yammacin Kef a Afirka ta Kudu ya kammala, kuma mu ’yan wannan ayari muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a ciki.

Ga waɗanda suka yi ta tambayar wane irin ƙwaro ne: wannan ƙwaro Turawa ke kira fishfly, masana kuma suna sa shi a reshen Chauliodinae na dangin Corydalidae, cikin rukunin Megaloptera. Idan ya zo gindin fitila da dare sai ka ce ƙaton shinge ne, da dogayen fikafikai huɗu masu jijiyoyi kamar raga. Ba shi da sunan Hausa, don a duk Afirka an san shi ne a Afirka ta Kudu da Madagaska kawai.

Godiya ta farko ga matasan da suka shiga ruwan sanyi suna ɗaga duwatsu, rariya tana ƙasa da su tana tare abin da ruwa ya kwaso. Sun riƙe ƙa’idar da aka ba su. Tsutsar ƙwaron, wato ɗansa da ke rayuwa a ruwa, in za a ajiye ta ana fara tsoma ta a ruwan zafi, sannan a sa ta a itanol, wato tacacciyar barasa, mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, washegari a zubar a sake sabo. Dalili shi ne jikin tsutsar cike yake da ruwa, yana surka itanol ɗin, in an bar shi haka sai ta yi baƙi ta ruɓe daga ciki. Takardar bayani kuma da fensir suka rubuta suka jefa cikin kwalbar, don tawadar biro narkewa take yi. Ba kwalba ko ɗaya da ta iso ba sunan rafi da kwanan wata. Allah ya yi muku albarka. Haka nan muna gode wa waɗanda suka bi mana takardar izinin kamu, wadda a wannan lardi hukumar CapeNature ke bayarwa.

Da waɗannan tsutsotsi aka fara tankaɗe da rairaya, don a yankin akwai ’yan uwa uku masu kama da juna. Tsutsar dangin Sialidae tana da zaruruwa bakwai-bakwai a gefen ciki da dogon zare guda a wutsiya. Tamu takwas-takwas gare ta, wutsiyar kuma ta ƙare da ’yan ƙafafu biyu, kowace da ƙugiya biyu da take maƙale dutse da su, wato dai Corydalidae ce. Da aka kifa ta aka duba ƙarƙashin ciki, babu tuntayen numfashi a gindin zaruruwan, waɗanda tsutsotsin reshen Corydalinae ke da su. A manyan ma an bi hanya irin wannan: ƙananan idanu uku a tsakar ka, gaɓa ta huɗu ta tafin ƙafa a mulmule ba a rabe biyu ba, sannan bayan ido babu ƙayar nan da ake gani a kan Corydalinae.

Godiya ta musamman ga Malama mai kula da taskar ƙwari, wadda ta taka mana birki a daidai lokacin da ya dace. Masanin ƙwari Esben-Petersen ne ya kafa jinsin ƙwaron namu, Taeniochauliodes, a 1924, kuma shekaru da dama nau’i guda ake ƙirgawa a cikinsa, Taeniochauliodes ochraceopennis. Duk mai amfani da tsohon mabuɗin tantancewa a kan wannan suna zai sauka, mu ma a nan muka sauka da farko. Bitar da aka wallafa a 2013 ce ta nuna aƙalla nau’i takwas ne ke ɓoye ƙarƙashin sunan. Malama ta hana a dogara da launin fiffike da ɗigo-ɗigonsa, kuma gaskiyarta ne. Ƙwaron da bai daɗe da fitowa daga kwansonsa ba fiffikensa fari-fari ne, sai ya kwana kafin launi ya zauna, wanda ya daɗe a itanol kuma koɗewa yake yi. Biyu daga rafi ɗaya ma sukan bambanta a yawan ɗigo. Allah ya ƙara girma, Malama.

Hukuncin yana ga siffar gaɓoɓin ƙarshen cikin namiji, kuma a nan ne ma’aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya nuna gwaninta. Kafin komai ya cire ƙafa ɗaya ya sa a itanol mai ƙarfin kashi 95 ya kai firiza, saboda sinadarin KOH mai narkar da tsoka da za a yi aiki da shi yana lalata DNA. Sai ya yanke gaɓoɓin ƙarshe na ciki ya jiƙa a KOH mai ƙarfin kashi 10, a sanyi, dare guda. Ana iya ɗumama shi a gama cikin mintuna, amma in ya wuce kima sassan masu tauri sukan yi garau kamar leda, iyakokinsu su ɓace. In kuma bai jiƙu sosai ba, tsoka ta rufe abin da ake nema. Da safe ya ɗauraye da ruwa mai ɗan asid na asetik, ya sa a ɗigon gilisarin ƙarƙashin madubin ƙara girma, aka zana siffar sassan gaɓa ta 9 da ta 10 ta sama, ta gefe da ta ƙasa. Mu lura, in gaɓar ta ɗan karkata ko kaɗan, abin da yake mai tsini sai ya zama kamar mai faɗi, shi ya sa ya tokare ta da zaren auduga.

Zanen bai dace da ochraceopennis ba. Ya dace da ɗaya daga cikin nau’o’in da aka ware a 2013, don haka babu sabon suna da za mu raɗa, kuma mun gode wa dattijon masanin da ya duba zanen ya tabbatar da hakan ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Ƙafar da aka ajiye ita ta haɗa tsutsa da babba: an karanta yankin DNA da ake kira COI mai tsawon harufa 658 daga kowannensu, suka zo daidai. Renon tsutsa har ta zama babba ma yana yin wannan aiki, sai dai yana cin lokaci, don tsutsar takan bar ruwa ta haƙa ɗan ɗaki a ƙasa mai laima ƙarƙashin dutse ko ruɓaɓɓen icce kafin ta rikiɗa, kuma ko a wannan hali tana iya cizo.

Ga masu masauki da direba da waɗanda suka riƙe farin ƙyalle gaban fitila har tsakar dare, Allah ya saka da alheri. An mayar da kowace gaɓa cikin ’yar kwalbar gilisarin tare da ƙwaronta mai lamba ɗaya, kuma samfuran suna taskar ga duk mai son sake dubawa.