Loma ɗaya a Ripon

Wata bakwai ke nan da faruwar abin, amma har yau in idona ya sauka kan kalmar gammon a takardar abinci sai gabana ya faɗi. Ba wanda ya cuce ni. Ni na karanta, ni na zaɓa, ni na biya, shi ya sa abin ya ƙi barina.

A farkon Oktoba Baba ya zo wurina a Leeds, zuwansa Ingila na farko. Shekararsa 71, tsohon malamin firamare ne daga Zariya, mutumin da ko a rumfar mai shayi ba ya zama in ana buga karta a kusa. Kwana goma ya yi yana kallon ruwan sama ta taga, ni kuma ina aikin dare a asibiti. Da na samu hutun kwana biyu sai wata abokiyar aikina, haifaffiyar Yorkshire, yankin da Leeds da Ripon suke, ta ce in kai shi Ripon ranar Alhamis, ranar da kasuwar garin ke ci, mu kwana don mu ga mai busa ƙaho. Ƙarfe uku na dare, a tsakanin duba marasa lafiya, na shiga intanet na ga otal dab da dandalin kasuwa, ɗaki mai gado biyu fam 68. Na biya irin kuɗin nan da ba a mayarwa. Gado na duba, banɗaki na duba, na rufe waya.

Na san kamfanin da ke da otal ɗin sarai. Irin masu mashaya ɗaruruwa ne a faɗin Birtaniya, kullum ina wuce rassansu a Leeds. Abin da ban haɗa a raina ba shi ne otal ɗinsu ɗakuna ne a saman mashayar.

Ripon ba ta da tashar jirgin ƙasa, tun 1967 aka daina ɗaukar fasinja a layin. Bas mai lamba 36 muka hau, mai hawa biyu, ta bi da mu ta Harrogate. Baba ya zauna a kujerar gaba ta sama yana ƙirga tumaki yana tambayata ina makiyayan suke. Muka sauka muka taka zuwa dandali, rumfuna sun cika shi: masu cuku, masu kifi, masu furanni, wani dattijo mai sayar da safa. Baba ya saye zuma kwalba biyu, ya nemi ragi, matar ta yi dariya ta rage masa fam ɗaya. Har nan komai lafiya lau.

Sai muka tura ƙofar otal. Warin giya da soyayyen dankali ya tarbe mu. Dogon kanta, famfunan giya a jere kamar na rijiyar burtsatse, tsofaffi zaune kowa da kofinsa da jarida. Ba kiɗa, ba hayaniya, har da mata masu keken jarirai suna shan kofi. Amma mashaya mashaya ce. Baba ya tsaya cak a kan dardumar bakin ƙofa, da babbar rigarsa da hularsa zanna, ya dube ni.

"Kai, nan ne masaukin?"

Ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ɗin nan na saba da shi tun ina yaro. Ranar ne na ji nauyinsa. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ɗakunan suna sama." Bai ce komai ba. Ya tattare rigarsa kamar mai tsallake kwata, muka ratsa tsakanin tebura zuwa inda ake karɓar makulli. Sai washegari na gane akwai wata ƙofa ta gefe da masu kwana ke bi da katin ɗakinsu ba tare da sun shiga cikin mashayar ba. Da na buga waya tun daga Leeds na tambaya, da ta nan na shigo da shi. Kira ɗaya, minti biyu.

Ɗakin kuwa ba abin kushewa. Tsaf, ɗumi, ga butar lantarki da ganyen shayi. Ginin tsoho ne, irin masaukan da keken dawaki ke yada zango a cikinsu kafin zuwan jirgin ƙasa, daɓen katako yana ƙara in ka taka. Da na faɗa wa Baba haka sai ya ce ashe zangon fatake ne, ya ɗan sake. Na yanke robar ruwa ta zama buta, na duba alƙibla a waya, ta nuna kudu maso gabas, Baba ya sa na sake dubawa sau biyu don jikinsa ya saba da fuskantar gabas. Muka yi azahar da la'asar ƙasaru, muka fita ganin gari.

Da na yi hankali, da a waje muka ci abincin dare. Amma bayan magariba sanyi ya sauko, gwiwar Baba ta fara damunsa saboda matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ke babban cocin garin, wanda aka ce tun shekarar 672 yake nan. Na ce mu sauka ƙasa kawai, akwai lungu can baya inda iyalai ke zama, nesa da kanta. Ya yarda don kada ya wahalar da ni.

Mun yi kusan minti ashirin muna jiran mai kawo abinci kafin na tuna ba a zuwa tebur a irin waɗannan wurare. Ko ka je kanta ka faɗi lambar teburinka ka biya, ko ka yi oda ta manhajarsu a waya. Ni kuma ba na son Baba ya gan ni tsaye a gaban famfunan giya, sai na zaɓi waya. Nan ne na yi kuskuren. Da kanta na je, da bakina zan faɗi abin da nake so, da wataƙila mutumin da ke wurin ya dubi fuskata ya tambaye ni. Waya ba ta tambaya.

Na ce, "Baba, me za ku ci?" Ya ce kifi, tunda ba mu san yankan wurin ba. Na gangara cikin jerin abinci, ido na barci, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na tsallake soyayyen kifin nan mai ɓawon fulawa don na ji ana cewa wasu wurare da giya suke kwaɓa fulawar. Har ina jin daɗin na yi taka-tsantsan. Sai na ga gammon da ƙwai da dankali. A kaina kalmar ta yi kama da salmon, kifin nan mai jan nama da nake saye duk mako. Shekara huɗu ina ƙasar nan, ina rubuta rahoton marasa lafiya da Turanci, amma ban taɓa sanin gammon cinyar alade ba ce da aka jiƙa da gishiri. Na danna, na biya.

Faranti ya iso. Yanki ne mai faɗi, ja-ja, ƙwai a kansa. Launin ma ya ƙara ruɗa ni. Baba ya yi bisimilla, ya yanka, ya kai baki. Ya tauna sau biyu ko uku ya haɗiye, sannan ya ce, "Wannan wane irin kifi ne ba ƙaya, ga gishiri haka?"

Yarinyar da ta kawo abincin ba ta yi nisa ba. Ta dawo da sauri, ta dubi hular Baba, ta dubi farantin, ta sunkuyo ta ce mini a hankali ko na san naman alade ne wannan. Ba za ta wuce shekara ashirin ba. Fuskarta ta yi ja kamar ita ta yi laifin. Ta ɗauke farantin tun kafin in iya magana, ta dawo da gasasshen dankali da wake da kifin gwangwani, ta ce kada in biya. Allah Ya saka mata. Da ba ta waiwayo ba, da Baba ya cinye farantin nan tas don kada ya ɓata mini kuɗi, na san halinsa.

Sai da na fassara masa. Wannan ne abu mafi wuya da na taɓa faɗa da Hausa. Ya ajiye cokali mai yatsu a hankali, ya ce "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya tashi ya hau sama. Na bi shi. Ina tsaye a bakin banɗaki ina jin yana kurkure baki, ya kurkure, ya sake kurkurewa. Da ya fito na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi. Allah ba Ya kama bawa da kuskure. Ni ban sani ba, kai ba ka sani ba." Ya yi alwala ya tada isha'i. Bai yi faɗa ba, ko kallon banza bai yi mini ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Mutum ya kai shekara 71 bai taɓa kusantar abin nan ba, sai ɗansa da ya tura karatu ya ɗora masa a faranti, ya kuma biya kuɗinsa.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne manhajar tana cike da bayani. Tun watan Afrilun 2022 doka ta tilasta wa manyan gidajen abinci a Ingila su rubuta yawan kalori na kowane abinci, kuma dole su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, riɗi da kifi. To kifi yana cikin jerin. Da na danna wurin, da na ga babu alamar kifi a jikin abin da nake kira kifi. Alade kuwa ba ya cikin 14 ɗin, giya ma haka, don haka kada wanda ya dogara da jerin nan ya zaci zai tsare masa addini. Ba don mu aka yi shi ba.

Tun ranar na zauna na haddace kalmomin. Ham da bacon kowa ya sani. Gammon ɗan'uwansu ne. Black pudding da ake sawa a karin kumallo jini ne, galibi na alade. Duk sausage da ba a faɗi namansa ba, ka ɗauka alade ne. In ka ga ale a sunan abinci, kamar naman sa da aka dafa cikin fanke, giya ce aka zuba. Cider a Ingila barasa ce, ba ruwan tuffa ba. Alamar masu cin ganye tana taimakawa amma ba ta hana a sa giya a miya. Kaza kuma kada ka ɗauka halal ce sai ka tambaya. Ni yanzu in ina tare da babba ba na oda ta waya ko da layin kanta ya kai ƙofa. Ina zuwa in tsaya in ce ba ma cin alade, ba ma shan giya, me ya dace da mu. Ban taɓa samun wanda ya ɓata rai don wannan tambayar ba. Kunyar tsayawa a kanta ce ta kai ni ga abin da ya fi ta muni.

Ƙarfe tara saura kwata ina zaune a bakin gado, na riga na fid da rai da fita, sai Baba ya ɗauki hularsa ya ce, "Ba ka ce akwai mai busa ba?"

Muka fita ta cikin mashayar, don har lokacin ban san ƙofar gefe ba. An kwashe rumfuna, dandali ya zama fili, sai doguwar hasumiyar dutse a tsakiya, wadda aka gina a 1702. Mutane ba su fi goma sha biyar ba. Agogo na buga tara sai ga mutum da doguwar kwat da hula mai kusurwa uku, ƙaton ƙaho a rataye. Ya tsaya a kusurwar hasumiya ya busa, dogon sauti mai kauri, ya zaga sauran kusurwoyi uku yana maimaitawa. Kowane dare ake yin haka, damina da rani. Bayan ya gama ya tsaya yana ba da tarihi: mutanen garin suna danganta al'adar da shekarar 886, zamanin Sarki Alfred, kuma busar tana nufin mai gadin gari ya kama aiki, har in aka yi wa mutum sata cikin dare shi zai biya. A 1604 aka mayar da muƙamin na magajin gari, amma ƙahon bai daina ba.

Ina fassarawa Baba yana gyaɗa kai. Ya ce haka kakansa ke ba su labarin rufe ƙofofin ganuwar Zazzau in dare ya yi. Sai ya nuna manyan haruffan da ke jikin zauren majalisar gari ya ce in karanta masa. Tsohon Turanci ne, sai da na yi a hankali: in Ubangiji bai tsare gari ba, a banza mai gadi ke kwana ido biyu. Baba ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Wannan gaskiya ne," ya ciro ƙaramin littafinsa daga aljihu ya rubuta da ajami a ƙarƙashin fitilar titi.

Da safe shayi da burodi da zumar da ya saya muka sha a ɗaki, bai sauka ba, ni ma ban ce ya sauka ba. Na so in kai shi kangon Fountains Abbey, wani tsohon gidan ibadar Kirista da ke mil uku daga gari, amma Juma'a ce, ya ce mu kama bas mu samu salla a Leeds. Na je mayar da kati, na nemi yarinyar jiya don in yi mata godiya, aka ce sai yamma take shigowa. Na bar mata 'yar takarda.

A cikin bas Baba ya kira Inna. Ya ba ta labarin tumaki marasa makiyayi, da matar da ta rage masa fam ɗaya, da ƙahon, har ya kwaikwayi sautinsa mutane suna waiwayowa. Ya karanta mata abin da ya rubuta a littafinsa. Ina jira ya kawo zancen farantin, bai kawo ba. Har ya koma Zariya bai faɗa wa kowa ba, kuma ko a waya bai sake tayar mini da shi ba.