Ranar da autata ta ce "farji" a gaban surukata

Wlh har yau in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Ranar Juma'a ce bayan la'asar mun je gaida Hajiya, maman Abbansu, falo a cike, ga ƙannen mijina ga wata ƙawar Hajiya da ta kawo katin biki, kawai sai ga autata 'yar shekara huɗu ta fito daga banɗaki riƙe da buta, da ƙarfinta fa, "Momi na yi tsarki da kaina, na wanke farjina daga gaba zuwa baya yanda kika ce!" Falon ya yi tsit. Ƙawar Hajiya ta saki salati tana tafa hannu, ƙannen mijina kowa ya sunkuya kan wayarsa kamar an turo masa saƙon gaggawa, ita ko Hajiya kallo ɗaya ta min, irin kallon nan na za mu gamu.

To ni ce na koya mata, ba a titi ta tsinto ba, kuma da dalilina.

Wata biyar kafin nan yarinyar nan ta ishe ni da "Momi bombom ɗina zafi". A lokacin komai daga cibiya zuwa cinya sunansa bombom a gidanmu, daga nazare ta kwaso kalmar mu ma duk muka ɗauka tunda ta fi sauƙin faɗa. Na duba ɗuwawun ban ga ƙurji ba ban ga komai ba, na shafa man kaɗanya na barbaɗa hoda na ce zafin gari ne. Kwana uku sai zazzaɓi, na aika kemis aka kawo maganin maleriya kamar yanda muka saba, duk zafin jiki ai maleriya ne a wajenmu. Sai a kwana na biyar na lura in aka ɗora ta a fo sai ta matse ƙafa tana kuka ta ƙi yin fitsarin, nan fa hankalina ya tashi muka kwasa sai asibiti. Awon fitsari ya nuna ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara. Likitar ta min bayani cewa hanyar fitsarin 'ya mace gajeriya ce kuma ga ta kusa da dubura, in ana tsarki daga baya ana jawo hannu gaba to dattin ake kawowa, in aka yi sake kuma ciwon kan hau har ƙoda. Tana cikin rubuta magani ta ɗago ta ce, "Maman yarinya, da wane suna ta san wajen?" Na yi 'yar dariya na ce bombom. Ita ba ta yi dariyar ba. Ta ce ashe kwana biyar yarinya na faɗa miki ciwonta, sunan da kika ba ta ne ya kai ki wani wajen.

Maganar nan ta tsaya min a rai har muka zo gida.

Mu dai haka muka tashi, "abin", "wajen nan", "gaba", "ƙasa", in an yi ƙoƙari a ce abin fitsari. Amma abin dariyar, sunayen nan na ashar babu yaron da bai san su ba, yana ji a bakin famfo, yana ji in masu adaidaita sun yi faɗa a kan fasinja, wani ma a bakin uwarsa yake ji in ranta ya ɓaci. Ya san sunan, ya kuma san duk ranar da ya fito daga bakinsa mari ne. Kinga kenan abin da ya zauna a kansa shine wajen nan kansa zagi ne, ba a maganarsa, ko yana ciwo ko wani ya taɓa.

Alhali muna da sunaye masu mutunci, ba sai mun aro ba. Azzakari, maraina, farji, dubura, nono, al'aura. Yayanta ɗan shekara tara a Islamiyya yana karatun Ahalari, kuma a babin abubuwan da ke warware alwala malam ɓaro-ɓaro yake fassara musu, fitsari, bayan gida, tusa, maziyyi, wadiyyi, da shafar azzakari da cikin tafin hannu ko cikin yatsu. Ban taɓa jin wani uba ya je ya cire ɗansa daga makaranta a kan haka ba. Kalmar da malam ya faɗa a gaban yara arba'in ita ce uwa take jin nauyin faɗa wa ɗanta ɗaya a banɗaki, to ina kunyar take a nan? Ummu Sulaim fa da ƙafarta ta je ta tambayi Annabi (SAW) ko mace za ta yi wanka in ta yi mafarki, ta fara da cewa Allah ba Ya jin kunyar gaskiya, kuma ya ba ta amsa. Nana A'isha ma yabon matan Ansaru ta yi cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba.

Sai ɗaya ɓangaren da ba ma son tunawa. Binciken da hukumar ƙidaya ta ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna a Najeriya yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 ana cin zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma galibi ba baƙo ba ne, wanda yaro ya sani ne, da ɗan gari akan ci gari. A 2020 gwamnoni har dokar ta-ɓaci suka ayyana kan fyaɗe, Kaduna ta sa hannu a dokar dandaƙe wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Duk da kyau, amma doka ba ta gani har hanji, sai yaro ya yi magana an gane. Ki ɗauka kina tsakiyar tuƙa tuwo yarinya ta zo ta ce "kawu ya taɓa min abina", wlh za ki ce ta je ta ba shi haƙuri ko ya sayo mata wani, ke tunaninki 'yar tsana ce ko biskit. In ko cewa ta yi ya taɓa min farji, ai muciyar ma yar da ita za ki yi. Kuma lokaci na da muhimmanci a nan, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, bayan nan ya wuce. Akwai cibiyoyi na musamman dan irin wannan, Waraka a Kano, Salama a jihar Kaduna, ya kamata kowace uwa ta san da su ko da Allah Ya sa ba za ta taɓa buƙata ba.

Maza ma kar a manta da su dan mun fi sakaci a kansu. Akwai murɗewar maraina, ciwo ne da ke zuwa farat ɗaya ya fi kama yara masu tasowa, in ba a yi aiki cikin kamar awa 6 ba ana iya rasa ƙwayar gaba ɗaya, shi ko yaro dan kunya sai ya ce miki cikinsa ke ciwo ki ɗauko kanwa. Ga tsargiya, yaran da ke wanka a kududdufi da dam suna fitsarin jini wata da watanni ba wanda ya sani a gida.

Yanda na yi ba wani zaman lacca ba ne. Lokacin wanka ne kawai, ina cuɗa ta muna lissafi, kai, kunne, hammata, cibiya, farji, dubura, gwiwa, da murya ɗaya ba tare da na canza fuska ba, duk da ranar farko sai da kalmar ta maƙale min a wuya, ni da na haifi uku. Na ce mata waɗannan su ne al'aura, a rufe suke, ba mai gani ba mai taɓawa sai ni in ina miki wanka ko likita ina tsaye a wajen, kuma duk wanda ya ce kar ki faɗa wa Momi to shi za ki fara faɗa min, ko waye, ba zan dake ki ba. Wannan ta ƙarshen na fi maimaitawa dan na san halina da saurin hannu. Yayan kuma Abbansu na tura wa, da ƙyar, sai da na yi kwana biyu ina mita. Na daina tilasta musu hawa cinyar kowa da sunan gaisuwa, su durƙusa su gaida mutum ya wadatar. Abu ɗaya ne na manta ban koya mata ba, a ina ake faɗa kuma da wace murya.

Shi ya kai mu ɗakin Hajiya bayan baƙi sun watse. Na durƙusa a gefen gado, ta ce "Ke yanzu 'yar nan wannan wace irin tarbiyya ce, yarinya ko karatun sallah ba ta gama iyawa ba?" Na ce Hajiya ki yi haƙuri ki gafarce ni, na kwashe labarin asibiti kaf na faɗa mata kaina a ƙasa. Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Can sai ta ce ita ranar da ta fara ganin al'ada kwana biyu ta yi tana ɓoye zani a bayan rumbu tana kuka, ta zaci wani mugun ciwo ne ya kama ta, sai wata gwaggonta ce ta gano. Ta numfasa ta ce, "To ki dai koya mata rage murya, gidan nan da maza."

Na koya mata ɗin. Satin da ya wuce muka koma, ta fito daga banɗaki ta zo ta kama kunnena da hannu biyu za ta min raɗa, raɗan da har mai gadi sai da ya ji, "Momi na wanke, amma ba zan faɗi sunan ba saboda Hajiya."