Wasiƙa Daga Shara Mansur: Kafin Ku Tura Saƙon Nan Gaba

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaida manya, ina gaida yara. Muna nan ƙalau a Makka, sai zafin rana da kewar gida.

Daren jiya bayan Isha muna zaune a ƙofar shagonmu na ɗinki, ana zagayawa da shayi, sai wani dattijo ya miƙo mini wayarsa hannunsa na rawa. Ya ce, "Malam, saurara ka ji, an sayar da mu." Muryar wani ce yana rantsuwa wai gwamnati ta halatta auren jinsi a Najeriya. Na gane saƙon nan take. Tsohon zance ne na 2024 ya sake zagayowa, kuma tun a wancan lokacin nake son in rubuto muku.

Ku fara sanin inda na tsaya. Ni Musulmi ne, aure a wurina tsakanin namiji da mace yake, kuma da za a kawo ƙudurin sauya wannan a majalisa da na yi adawa da shi da bakina da ƙuri'ata. Na san Holan ta halatta auren jinsi a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, kotun ƙolin Amurka a 2015. Na kuma san matsin lambar Turawa ba ƙage ba ne: David Cameron, Firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da suka haramta luwaɗi a 2011, Bankin Duniya ya dakatar da sabon bashi ga Yuganda a 2023 saboda dokarta ta hukunta luwaɗi. Wanda ya ji tsoro yana da dalili.

Amma mu a gida ina aka kwana? Majalisar Dattawa ta amince da dokar haramta auren jinsi tun 2011, Shugaba Jonathan ya sa mata hannu a Janairun 2014. Shekara 14 a gidan yari ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya taimaka ko ya kafa ƙungiya. Jihohi 12 na Arewa kuma suna da shari'ar Musulunci. Ba a soke ko ɗaya ba. Yarjejeniyar Samoa da ta tayar da ƙurar wannan zance, aka ce wai ita ce ta halatta auren jinsi, wadda Najeriya ta sa wa hannu ranar 28 ga Yuni 2024, tsakanin Tarayyar Turai ce da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, kuma babu inda ta ambaci auren jinsi. Ministan kasafi Atiku Bagudu ya fito ya musanta, amma wa ya saurare shi? An riga an yi huɗubobi, an yi tsinuwa. A daidai makonnin nan ne kuma mudun shinkafa ya gagari talaka, har aka fita zanga-zangar yunwa ranar 1 ga Agusta. Na lura ɗan siyasar da bai iya buɗe baki kan kuɗin mai ba, in aka zo wannan magana sai ya zama zaki, don ba ta cin masa ko sisi.

Abin da ya fi ci mini rai ba shi ne wannan ba. Akwai wani yaro a nan da ke taya wata hajiya sayar da masa da miyar taushe a bayan layinmu. Hannunsa na dama ba ya miƙewa sosai, in zai juya masa a tanda sai ya karkace kafaɗa. Na daɗe ina ganinsa kafin ya gaya mini dalili. A unguwarsu ya yi faɗa da wani kan bashin dubu biyar, mutumin kuwa ya je majalisar matasa ya ce ai ɗan luwaɗi ne. Hujjarsu ita ce muryarsa siririya ce kuma yana girki. Suka tare shi da gora da dare. Ba alƙali, ba shaida, ba wanda ya tambaye shi komai. An fasa auren ƙanwarsa saboda wannan magana. Mahaifiyarsa ta sayar da gonar gado ta turo shi nan.

'Yan'uwa, addinin da muke cewa muna karewa shi ne ya yanka bulala 80 a Suratun Nur ga wanda ya yi ƙazafin zina bai kawo shaidu huɗu ba. Shi ne ya hana mu mummunan zato da bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat. Ko da mutum ya yi laifi, hukunci na hukuma ne, ba na 'yan gora ba. Duk lokacin da aka kunna wutar wannan muhawara a sama, irin wannan yaro take ƙonawa a ƙasa.

Na roƙi dattijon nan kada ya tura saƙon gaba. Ya yi shiru, ya ce ya riga ya tura wa 'ya'yansa a Kano. Muka zauna tare na taya shi ɗaukar wata muryar yana cewa su goge, ba gaskiya ba ne. Ya maimaita ta har sau uku kafin ta yi masa daidai.

A gaida kowa da kowa. Muna sa ku a addu'a a Harami.

Naku,
Ɗan'uwanku tela a Shara Mansur, Makka